Sauro Ba Allura Ba Ne

A wani taron bita da aka shirya wa 'yan jarida masu bin labaran lafiya, na ji mai jawabi, wanda likita ne da nake ganin girmansa, yana cewa sauro allura ce kawai mai fukafuki: ya zuƙi jini a nan, ya tashi, ya tsira wa wani a can. Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Can sai wata abokiyar aiki daga gidan rediyo ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, in haka ne, me ya hana sauro yaɗa cutar ƙanjamau, alhali allurar da aka yi wa mai cutar tana yaɗa ta?" Aka yi dariya, likita ya ce wannan dogon bayani ne, aka tashi shan shayi.

Tambayar ba ta bar ni ba. Da na bi diddiginta, sai na tarar cewa misalin allurar nan kuskure ne tun daga tushe, kuma kuskure ne mai tsada. Shi ya sa duk maganarmu a kan sauro ba ta wuce feshi da hayaƙi, shi ya sa muke kasa tantance labarin kimiyya na gaskiya daga shaci-faɗin WhatsApp, kuma shi zai sa ranar da aka kawo mana wata hanya mai amfani mu kore ta da jifa, ko mu karɓe ta ido rufe. Duka biyun asara ne.

Amsar tambayar baiwar Allahn nan gajera ce. Sauro ba ya mayar wa mutum jinin da ya sha daga wani. Bakinsa yana da hanya biyu, ɗaya ta zuƙar jini, ɗaya ta zuba miyau, kuma miyan ne kaɗai ke shiga jikinmu. Duk bairas ɗin da ke son ya isa wani mutum ta hanyar sauro, dole ya yi doguwar tafiya a cikin jikin ƙwaron: ya tsira daga narkewa a tumbi, ya kutsa cikin tantanin bangon tumbin ya hayayyafa, ya fito ya bi ruwan jiki, ya shiga jakar miyau ya sake hayayyafa. Bairas ɗin ƙanjamau ba shi da ƙofar shiga tantanin sauro, saboda haka narkewa yake yi tare da jinin, kamar kowane abinci. Na zazzaɓin dengi kuwa ya san hanya, amma ko shi sai ya ɗauki kwana 8 zuwa 12 kafin sauron ya iya harba wa wani. Wato kafin sauro ya kamar da kai cuta, shi ya fara kamuwa. Kuma a tsawon kwanakin nan jikinsa ba ya kwance yana kallo.

Wataƙila mai karatu zai ce ai ƙwaro ba shi da garkuwar jiki irin tamu. Gaskiya ne cewa ba shi da antibodi, makaman nan da jininmu ke ƙerawa musamman don kowace cuta, waɗanda rigakafi ke dogara a kansu. Daga wannan gaskiyar ne aka gina ƙaryar cewa garkuwar ƙwari ta gargajiya ce, dunƙulalliya, ba ta bambance maƙiyi da maƙiyi. Bari mu ga ko haka ne.

Yawancin bairas ɗin da ke kama ƙwari suna ɗauke da bayanan gadonsu a rubuce a kan wani zare da ake kira RNA. Tantanin ƙwaro ma yana amfani da RNA, to ta yaya zai gane nasa daga na baƙo? Sirrin yana cikin tufka. RNA ɗin da tantani ke aiki da shi yau da kullum zare ne tilo. Amma bairas ba zai iya kwafar kansa ba sai ya bi ta wani mataki da zaren ke zama mai tufka biyu, asali da kwafi a manne. Dogon RNA mai tufka biyu a cikin tantani tamkar sawun kura ne a bakin garke: ko ba a gan ta ba, an san ta zo.

Akwai wani furotin da masana suka sa wa suna Dicer-2, wanda aikinsa ke nan, neman wannan sawu. Da ya same shi sai ya datsa shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsawonta harafi 21. Da a nan aka tsaya, da sai mu ce almakashi ne kawai. Amma gunduwoyin ba a zubar da su. Wani furotin, R2D2, yana taimakawa a ɗora su a kan na uku, Argonaute-2, wanda ke yar da tufka ɗaya ya riƙe ɗaya a matsayin hoton ɓarawo. Daga nan duk zaren RNA da ya ci karo da shi a cikin tantanin sai ya gwada. In haruffan sun dace da hoton da ke hannunsa, ya yanke shi. Ku lura da abin da ya faru: daga jikin maƙiyin aka yanko makamin da za a farauce shi da shi, kuma makamin bai dace da kowa ba sai shi. Bairas ɗin dengi yana da haruffa wajen 11,000. Ƙwaron bai taɓa ganinsa ba, bai gaji saninsa daga iyaye ba, amma cikin ɗan lokaci ya ƙera abin da ke gane shi harafi da harafi. Wanda ya kira wannan dunƙulalliyar garkuwa bai duba ba ne.

Andrew Fire da Craig Mello ne suka bayyana wannan tsari na toshe bakin RNA a 1998, a jikin wata 'yar mitsitsiyar tsutsa, suka kuma sami kyautar Nobel a 2006. A 2002 ɗakin binciken Shou-Wei Ding da ke Kalifoniya ya nuna cewa tantanin ƙudan nan ɗan ƙarami mai bin ruɓaɓɓiyar ayaba, wanda masana ke kira Drosophila, yana amfani da tsarin wajen yaƙar bairas. A 2006 rukunin masana daban-daban suka gwada a jikin ƙudan kansa: wanda aka lalata wa Dicer-2 ko Argonaute-2, in aka sa masa bairas, cutar tana cika masa jiki ya mutu da wuri, 'yan'uwansa lafiyayyu na nan suna yawo.

Hujjar da ta fi gamsar da ni, duk da haka, daga ɓangaren maƙiyin ta fito. Ba a gina ganuwa don garin da ba a kai wa hari, ba a kuma ɗaukar tsani zuwa garin da ba shi da ganuwa. Bairas ɗin ƙwari da yawa suna tafe da tsaninsu. Wanda Ding ya yi aiki a kansa yana ƙera wani furotin mai suna B2 da ke lulluɓe RNA mai tufka biyu don kada Dicer-2 ya gan shi. Wani bairas da ke shanye jikin gyare yana da nasa furotin da ke kama Argonaute-2 kai tsaye ya hana shi yanka. Shi ma ƙwaron bai zauna ba: wani bincike na Jami'ar Edinbara a 2006 ya gano cewa ƙwayoyin gadon da ke ƙera waɗannan furotin uku suna cikin kashi 3 cikin ɗari mafi saurin sauyawa a jikin ƙudan. Kullum ana canza kwado saboda kullum ɓarawo na yanko sabon mabuɗi.

Ba wannan ne kaɗai makamin ba, amma sauran zan bi ta kansu da sauri. Akwai hanyoyin aika saƙon gaggawa a cikin tantani, irin su Toll da JAK-STAT, waɗanda aka nuna suna rage yawan bairas ɗin dengi a jikin sauro. Akwai tantanin da ke kashe kansa da gangan don kada ya zama masana'antar maƙiyi, har wasu bairas na tsutsotsi suka ƙera furotin na hana shi mutuwa. A 2021 aka gano wasu furotin a jikin ƙuda da ke jin ƙamshin RNA mai tufka biyu su tayar da wani mai gadi da ake kira STING, wanda mu ma muna da irinsa. A kan Toll ɗin nan ya kamata masu raina ƙwari su ɗan tsaya. A 1996 Jules Hoffmann da Bruno Lemaitre, a birnin Strasbourg na Faransa, suka nuna cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace ba ya iya kare kansa daga cutar fumfuna. Wannan ne ya haska wa masana hanya suka fahimci 'yan'uwan Toll da ke jikin ɗan Adam, waɗanda su ne masu fara shaƙar ƙamshin cuta a jikinmu. Hoffmann ya sami rabonsa na Nobel a 2011. Babin da ɗaliban likitanci ke haddacewa a yau game da garkuwar da aka haife mu da ita, ƙuda ne ya buɗe shi.

Har da wani abu mai kama da tuni. Ɗakin binciken Maria Carla Saleh a Cibiyar Pasteur ta Paris ya nuna a 2013 cewa tantanin ƙuda yana kwafar guntayen bairas daga RNA zuwa DNA, ya ajiye su, ya riƙa samar da hoton ɓarawo daga wannan ajiya. Wasu guntayen irin wannan sun shige cikin gadon sauro tun tale-tale, ana haifar sa da su.

To, ga inda maganar ta juya, kuma nan ne misalin allura ya fi cutar da tunaninmu. In sauro yana da duk waɗannan makamai, me ya sa bai kashe bairas ɗin ya hutar da mu ba? Domin garkuwarsa ba don mu aka yi ta ba. Abin da take yi shi ne ta danne bairas ɗin daidai gwargwadon da sauron zai rayu. Masana a Amurka sun gwada wannan a 2008 da 2009: suka ɗauki wani bairas mai suna Sindbis, wanda sauro ke ɗauke da shi ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, suka dasa masa furotin B2 mai makantar da Dicer-2. Sauron da aka sa wa wannan bairas ya riƙa mutuwa. Ma'ana, lafiyar da muke gani a jikin sauro mai ɗauke da cuta sulhu ne da aka ƙulla bayan faɗa: bairas ya sami wurin zama, sauro ya sami ransa, mu kuma aka bar mu da biyan diyya. Da garkuwar ta fi haka ƙarfi, da cutar ba ta kai ga miyau ba. Da ta fi haka rauni, da sauron ya mutu kafin kwana goman nan su cika. Annoba tana rayuwa ne a ɗan siririn tsakanin nan.

Wanda ya fahimci haka zai ga abin da mai misalin allura ba zai taɓa gani ba. Allura ba a yi mata komai sai a karya ta. Sulhu kuwa ana iya ɓata shi.

An ma fara. A 2006 masana a Jami'ar Jihar Kolorado suka sauya gadon sauron Aedes aegypti ta yadda tumbinsa zai ƙera hoton wani nau'in dengi da zarar ya sha jini, kafin bairas ɗin ya zauna da gindinsa. Sauron ya daina yaɗa wannan nau'in sosai. Wannan ya tsaya a ɗakin bincike. Abin da ya fita fili ya zo ta wata hanya dabam. Akwai wata bakteriya mai suna Wolbachia da ke zaune a cikin tantanin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya, uwa na gadar wa 'ya'yanta ta cikin ƙwai. Tun 1924 aka san da ita. A 2008 rukuni biyu, ɗaya a Ostireliya ɗaya a Ingila, suka gano cewa ƙudan da ke ɗauke da ita ya fi jure bairas. Aedes aegypti ba ya ɗauke da ita bisa al'ada, sai ƙungiyar Scott O'Neill ta dasa masa ita daga ƙuda, aka fara sakinsa a kusa da birnin Cairns na Ostireliya a 2011. Har yanzu masana na muhawara a kan yadda take toshe bairas ɗin. Akwai alamar tana zaburar da garkuwar sauron, akwai kuma alamar tana cinye kitsen da bairas ke buƙata a cikin tantani. Sakamakon dai ba a muhawara a kansa. A birnin Yogyakarta na Indonesiya aka raba gari gida 24, aka saki sauro mai Wolbachia a 12, aka bar 12. Rahoton da Farfesa Adi Utarini da abokan aikinta suka fitar a 2021 ya nuna kamuwa da dengi ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki sauron, kwanciya a asibiti kuma da kashi 86. Ba a sauya gadon sauron ba, ba a fesa komai ba. Kuma da yake bakteriyar tana bin ƙwai, ba sai an dawo kowace damina an sake ba da kwangila ba. Ina zargin wannan na ƙarshen ba zai yi wa kowa daɗi ba.

Na san abin da za a ce mini: mu zazzaɓin cizon sauro ne ke kashe mana yara, me ya kai mu ga dengin Indonesiya? Maleriya ita ce babbar makashiya, ba na musu. Ba bairas ke kawo ta ba, kuma wani sauron ne dabam, Anopheles, mai cizon dare. Gidan sauro da magani da rigakafi su ne makamanta, kuma babu abin da na faɗa da ke rage musu daraja. Amma mun mayar da kalmar maleriya wani buhu da muke zuba kowane zazzaɓi a ciki. Mutum ya yi zafi, ya je kyamis, a ba shi maganin maleriya ba gwaji, in bai warke ba a ce taifot ne. A cikin wannan buhun dengi ke ɓuya. A 2023 ta kashe mutum wajen 700 a Burkina Faso. A ƙarshen wannan shekarar hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da ɓullarta a Sakkwato. Shawara, wadda ita ma bairas ce da sauron Aedes ke yaɗawa, ta tashi a Bauchi a 2019. A 2024 an ƙirga masu dengi fiye da miliyan 14 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba. Kuma Aedes da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ke naɗe a kan gado.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da mu. Masana daga Jami'ar Princeton sun tattara ƙwan Aedes aegypti daga wurare 27 a Afirka kudu da Sahara, suka gwada wanne ya fi son ƙamshin mutum a kan na dabba. A rahotonsu na 2020, mafi yawan sauron nahiyar bai damu da mutum sosai ba. Waɗanda suka fi nacin mutum daga yankin Sahel suka fito, inda rani ke da tsawo, ruwa ba ya samuwa sai a wurin da ɗan Adam ya ajiye shi. Wato a randa da tulu irin namu wannan sauro ya koyi son jininmu, kafin jiragen cinikin bayi su tsallaka da shi Amurka. Duk wanda ya zauna a unguwar da famfo ba ya kawo ruwa ya san yawan durom da jarkoki da tsofaffin tayoyi da ke kowane gida. Wani binciken na shekarar ya nuna cewa nau'in sauron da ya fi yawa a Afirka bai kai ɗan'uwansa mai son mutum saurin kamuwa da bairas ɗin Zika ba, abin da zai iya zama ɗaya daga dalilan da suka sa ba mu ga irin annobar Barazil ba. Kariyar da muke samu ke nan ba tare da mun sani ba, daga cikin tumbin ƙwaro, kuma girman birane na iya sauya wane irin sauro ne ya fi yawa a cikinsu.

Saboda haka ba na cewa a kwaso sauron Yogyakarta a sake a Sakkwato gobe. Nau'in Wolbachia da aka yi amfani da shi a can yana raguwa a jikin sauro in zafi ya tsananta, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni kan haura 40. Akwai wani nau'in da ya fi jure zafi, wanda aka saki a Malesiya. Wanne zai zauna a jikin sauronmu, a randunanmu, a bazararmu? Amsar wannan sai an kama sauron nan an gwada a nan. Aikin jami'o'inmu ne, kuma aiki ne da kuɗinsa bai kai na motocin feshin da ake ƙaddamarwa a gaban kyamara ba. Amma wa zai ware kuɗi don nazarin cikin allura? In dai shugaban ma'aikata da ɗan majalisa da editan jarida duk sun yarda cewa sauro bututu ne kawai, to binciken garkuwarsa zai zama musu wasan yara. Ga shi kuwa maganin feshin da muka dogara a kansa, sauro na ƙara jure masa a faɗin Afirka ta Yamma.

Sai batun amana, wanda ya fi na zafi wuya. A 2023 an ɗage sakin sauro mai Wolbachia a tsibirin Bali na Indonesiyar kanta saboda jama'a sun tayar da ƙayar baya. A watan Agustan 2025 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da shirin Target Malaria, wanda ke gwajin sauron da aka sauya wa gado. Mu da muka san gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, muka kuma ga yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, ba ma buƙatar a koya mana dalilin zargi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zargin yana da tushe. Abin da nake ƙi shi ne zargin da bai san abin da yake zargi ba. Na ga masu digiri biyu suna tura bidiyon da ya haɗa sauron da aka sauya wa gado, da sauro mai Wolbachia, da rigakafin korona, ya ɗaure su da igiya ɗaya ya kira su makirci. Abubuwa uku ne mabambanta, kowanne da tambayoyin da suka dace da shi. Wanda ya san yadda Dicer-2 ke aiki, ya san Wolbachia tana cikin ƙudan da ke kan mangwaron da ya saya jiya, shi ne zai iya tsayawa a gaban baƙon da ya zo da akwatin sauro ya tambaye shi: wane nau'i ne wannan, a wane zafi aka gwada shi, wa ya ba da izini, wa zai ci gaba da sa ido bayan kun tafi, kuma ina sakamakon zai fito mu karanta? Wanda bai sani ba, abu biyu ne kawai a hannunsa, tafi ko dutse.

Mu 'yan jarida muna da kaso babba a laifin. Mun fi shekara nawa muna fassara bairas da bakteriya da ƙwayar maleriya duk da kalma ɗaya, ƙwayar cuta, sannan mu yi mamakin mai sauraro da ke shan maganin kashe bakteriya don mura. Ni kaina na rubuta labarin feshi ya fi a ƙirga, da hoton jami'i sanye da takunkumi yana riƙe da bututun hayaƙi, ban taɓa tambaya ko an kama sauro ɗaya a unguwar an duba wane iri ne ba, balle a duba abin da ke cikinsa. Na koma na nemi abokiyar aikin nan da ta yi tambaya a taron, na ba ta amsar da likita bai ba ta ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce za ta sa a shirinta na safiyar Laraba, in an ba ta minti goma.